Sun Saka Ni a Motar Ummi

Ummi ta sayi mota! Da guminta ta saya, ta tuƙa ta a kan titin Dubai, kuma ni ne a gefenta. Na kasa haƙurin fara sallama sai na sauke wannan tukuna.

To, assalamu alaikum, ɗana. Allah ya ƙara maka haske da yalwa a makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Ko kana raye ma da ka sha wahala da rubutuna, don har yanzu layina hawa yake yana gangarowa, kamar yadda yake tun a ajin yaƙi da jahilci da na shiga da furfurata. Amma na gaji da yin zancen a zuci, kuma labarin nan naka ne kafin ya zama na kowa.

Daga unguwar Al Qusais ta nan Dubai nake rubuto maka, a falon 'yarka Ummi da mijinta Nura, wanda ya ƙwace min mata ko kunya bai ji ba. Kawo ni suka yi a gyara min gwiwa. An sa min ƙarfe a ta hagu, ta dama kuma likita ya ce a bar ta tukuna. Da sanda nake tafiya. Garin nan ya gajiyar da ni. Komai a sama yake, komai sai an danna, ga sanyin na'ura yana shiga ƙashina. Su fita aiki da sassafe, ni kuma in wuni a bakin taga ina kallon rufin sito-sito da jirgin metro yana wucewa. Ummi injiniya ce a wani kamfani da ke unguwar Port Saeed, masu kula da injinan jiragen ruwa. Hannunka ta ɗauko, har yadda kake goge shi a bayan wando.

A gida kowa lafiya. Matarka Rabi tana fama da hawan jini, amma tana shan magani. Garejinka yana nan a hannun yaronka Ado, bai bari ya mutu ba. An sare dalbejiyar ƙofar gida saboda aikin kwalbati, yanzu ba ni da wurin zama da hantsi. Ƙanwarka Binta ta haifi namiji, an sa masa sunanka, ni dai Ƙaramin nake ce masa.

Bari in gaya maka irin motar. Ba irin wadda kamfani ke gamawa ya sayar ba ce. A akwati ake sayo ta gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna a gida ya haɗa da hannunsa, ya nemo inji ya ɗora. Kujera biyu ce kawai. Ba rufi, ba ƙofa, ba wurin sa ko buhun gero. Dogon hanci gare ta, tayoyin gaba a waje kamar ƙafafun fara, salansa kuma a gefe take, ta inda fasinja ke zama. In ka zauna ka miƙa hannu, tafinka zai taɓa kwalta. Wai don gudu da jin daɗin tuƙi aka yi ta.

Ka tuna tsohon ƙarfen motar nan da ka ajiye a bayan gareji, ka ce kai da Ummi za ku tayar da shi in ta gama makaranta? Yana nan, kaji na ƙwai a ciki. Ni na manta da zancen. Ita ashe ba ta manta ba.

Ba ta yi gaggawa ba. Kuɗinta ba su kai na sabuwa ba, don haka ta yi ta bin na hannu. Ta ga wata mai sheƙi, ta shiga ƙarƙashi da tocila ta tarar ƙashin motar ya taɓa lanƙwasa an miƙar, ta fito ta kaɗe jikinta ta yi gaba. Wata kuma ba ta da takardun hawa titi, sai filin tsere kawai. Wata ana tayar da ita ta fara tafasa. A ƙarshe aka haɗa ta da wani dattijon Bature da zai koma ƙasarsu, shi ya haɗa tasa da kansa shekarun baya. Fentinta ya koɗe, kujerun sun tsage, amma waldarta lafiya, takardunta cikakku. Ummi ta ce kada ya tayar da injin kafin mu iso, tana so ta ji muryarsa da sanyinsa. Wa ya koya mata wannan in ba kai ba?

Da ni aka je. Ina ganin motar na ja tsaki. Na zagaya ta da sandata, na nuna inda ya kamata a ga rufi, na nuna inda ya kamata a ga ƙofa, na sake jan tsaki na juya baya. Ban iya Turanci ba, amma tsaki ba ya bukatar tafinta. Fuskar Baturen ta yi ja. Ya yi dogon bayani yana shafa hancin motar, daga baya dai ya rage kuɗin. A hanyar dawowa Ummi ta yi ta dariya, wai angona ashe har yanzu ka iya kushe kaya irin na 'yan Kantin Kwari, ka samo min ragi. Ba ciniki nake yi ba, ɗana. Tsakin gaske ne. Abin da na gani doguwar aba ce siririya, daidai kwanciyar mutum, kuma 'yarka ce za ta shiga cikinta ta ratsa tsakanin tireloli.

Ka san al'adar gidanmu tun daga mahaifina. Ba a ɗora wa sabon jaki kaya sai babban gida ya hau shi ya yi addu'a. Haka aka yi wa kekenka, haka aka yi wa babur ɗinka, haka aka yi wa akori-kurarka. Na ɗauka yarinyar da ta yi boko har ta ƙetare teku ta bar wannan a Kano. Ina! Ta gwada motar kafin ta biya, don a lokacin ba tata ba ce. Tana biya kuwa ta kira janwe, aka ɗauko ta aka sauke a lungun wani sito, inda Bulus ke aiki. Bulus mutumin Kafanchan ne, mai gyaran na'urorin sanyi, abokin Nura. Shi ya roƙi maigidansa aron lungun kafin kwantenar kayansu ta iso. Ummi ta ce taya ba za ta juya ba sai na zauna a ciki na sa albarka.

Na ce gwiwata ba za ta lanƙwasu ba. Gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Na ce in tsaya a gefe in tofa addu'a, ta ce ba haka aka yi wa ta babanta ba. Na ce a kira limamin masallacinmu, ta ce liman ba kakanta ba ne. Rabi ma ta bugo waya tana goyon bayana, wai wace irin mota ce wadda ba za ta ɗauko uwar mutum daga filin jirgi ba?

Ummi ba ta yi musu da kowa ba. Ta sayo tamfol ta lulluɓe motar. Ta ce in har na koma gida ban zauna ba, za ta sa ta a kasuwa, khalas, wato shi ke nan. Ga ranar tafiyata tana matsowa, ga Bulus yana cewa kwantena ta kusa. Abin da ya fi damuna, ta daina tsokanata. Ba angona, ba tsoho mai ran ƙarfe. Sai Alhaji ga abinci, Alhaji ga magani. Haka ta koma bayan rasuwarka, ka sani? A'a, ina za ka sani. An daɗe ba a ji dariyarta ba, sai da ta fara zancen motar nan.

Nura ne ya ƙarasa ni, muna tafiya masallaci yana rage sauri saboda ni. Ya ce Alhaji, tun albashinta na farko Ummi take tarin kuɗin mota. Wadda ta so saya ba wannan ba ce, wata ce mai lafiya sosai. Da maganar aikin gwiwarka ta taso, ta kwashi mafi yawan tarin ta kai asibiti, abin da ya rage shi ya sayi wannan mai koɗaɗɗen fenti. Ya roƙe ni kada in nuna na ji. Na tsaya na dubi ƙafata. Wato gwiwar da nake fakewa da ita, da kuɗin motar aka saye ta.

Ranar Asabar da safe na ce a kai ni siton. Na cire babbar riga na ba Nura, na tura hulata a aljihu. Aka yaye tamfol. Na ɗaga ƙafa, ta ƙi. Na gwada ta baya, na kusa faɗuwa. Bulus ya ce Baba, ka saki jikinka kawai, mu za mu saka ka. Ya kama kafaɗata ta dama, Nura ya kama ta hagu, wani Bapakistane mai tuƙa motar ɗaga kaya ya sauko ya riƙe ƙafafuna yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu sannu. Ummi ta shiga ta zauna a mazaunin direba, ta miƙo hannu tana karɓar ƙafafuna tana shigar da su cikin dogon ramin da ke ƙarƙashin hancin motar. Nura ya ce bismillah. Suka sauke ni a hankali.

Ɗana, da bayana ya taɓa ƙasa na ɗaga ido, sai na ga fuskoki sun kewaye ni daga sama, ga bango dama, ga bango hagu, kafaɗuna sun cika wurin. Haka muka sauke ka. Ni ina tsaye a bakin kabarin a ranar, ba su bar ni na shiga na karɓe ka ba saboda gwiwar nan. Ban yi kuka ba, mutane suna ta yaba haƙurina. A siton nan na Al Qusais, a gaban Bapakistanen da ban san sunansa ba, kukan ya zo.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da ka kawo akori-kurarka na zauna a ciki na yi addu'a a zuci, na fito na ce ba laifi, na shige gida. Kai ɗan fari ne, ba a yabon ɗan fari, ba a kiran sunansa. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Amma washegari babu shagon da ban shiga ba a layin teloli ina cewa yaron nan ya sayi mota. Kowa ya ji sai kai. Ka taɓa sanin haka? Ko ka tafi kana zaton ba laifi ɗin nan shi ne iyakar abin da ke raina?

Wannan karon da ƙarfi na yi addu'ar. Na roƙi Allah ya tsare ta daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa a kashe lafiya. Sannan na ce Allah ka jiƙan Sa'idu, ka kai masa ladan wannan hannu da ya koyar. Ummi ta juyo da sauri. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ga shi na rubuta shi ma da hannuna: Sa'idu. Ashe ba shi da nauyi a baki.

Ta ɗaure ni da bel har ta kafaɗu, ta ce in kiyayi salansa kada in ƙona gwiwar hannu. Ta murza makulli, siton ya ɗauki ƙara. Muka fita ta bayan sito-siton muka hau hanyar da ta nufi sahara. Lokacin sanyinsu ne, rana ba ta cizo. Iska ta cika min baki, tayar tirela ta fi kaina tsawo, kowane ɗan tsakuwa sai na ji shi a ƙuguna. Na ce ta rage gudu. Ta ce angona, masu kai abinci a babur ma wuce mu suke yi, ka dai riƙe haƙoranka kada iska ta tafi da sauran. Ta yi dariya har da buga sitiyari. Dariyarka ce sak. Tsoron bai bar ni ba, kuma na san ba zai bar ni ba, amma ban ce ta juya ba.

Da muka dawo, fitar ta fi shigar wuya. Sai da suka ƙara mutum ɗaya, suka ja ni sama ina nishi, suka tsayar da ni a kan ƙafafuna, Bulus ya miƙo min sandata. Ni an ciro ni, Sa'idu. Kai ne ba a ciro ba.

Jikina duk ciwo yake tun ranar, ko sallah a zaune nake yi. Na kusa komawa gida, kuma ban sani ba ko zan sake ganin garin nan. Na gaji ƙwarai. Amma rabon da in ji daɗi irin wannan tun kana raye. Ka huta lafiya, ɗana, sai na iso.

Kafin nan, na sa Nura ya aika wa kowa. Ranar Juma'a bayan la'asar za a fito da motar ƙofar siton, Ummi za ta dafa shayi, ni na sayi dabino na sadaka. 'Yan kasuwarmu na Al Ras su rufe shago su zo, ɗalibai 'yan gida su zo, Bulus ya taho da mutanen cocinsu, Baturen ma a kira shi in bai tafi ba, in shafa hancin motar a gabansa. Rabi za ta kalla ta waya. Kowa ya zo ya ga abin da 'yar Sa'idu ta saya. Masu ƙarfi su tsaya kusa, don zan sake shiga.

Ni ne mahaifinka,
Idi Tela