Yana Bayanka, Cyril!

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Halifax bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. An sake ba ni matsayin Gwaggo mai wanki a wasan kwaikwayon Kirsimeti na nan Blackpool, da rigar mata da tulin gashi kamar kullum.

Sai dai kunnena ya mutu, Yaya. Kin san inda dodo ke lallaɓowa ta bayana, yara su yi ta ihun "Yana bayanka!", ni kuma in yi kamar ban ji ba, sai ihun ya kai ƙarshe in waiwaya. To, yanzu da gaske ba na ji. Na'urar ji da nake sawa a kunne ƙara kawai take yi a ƙarƙashin gashin. Jiya a gwaji na waiwaya tun yara ba su buɗe baki ba. Darakta ta ce in na sake, wani za ta ba.

Ki zo ranar buɗewa, ki zauna layin gaba. In ihu ya kai, ki ɗaga jar hularki.

Ƙanenki,
Cyril

Cyril,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan.

Tun kana saurayi kake faɗuwa da tiren shayi a talabijin. Kowa ya san fuskarka, ba wanda ya san sunanka. Jiya ma mai burodi ce mini ya yi, "Ke ce yayar wannan da ake buga wa ƙofa a hanci?" Ban taɓa zuwa kallonka ba, don ba na iya ganin ana yi wa ƙanena dariya. Yanzu kuma in je a yi maka ta tausayi? Ka dawo gida, ɗakinka a share yake.

Ka kula da kanka,
Glenys

Yaya,

Na gode da ɗakin. Dariyar nan ni nake ƙera ta, ita kaɗai ce sana'ar da na iya. Zan hau dandali ko kin zo ko ba ki zo ba. Tsoro kam ina ji, amma in za a sauke ni, a sauke ni da rigar Gwaggo a jikina. Ga tikiti.

Naki,
Cyril

Yaya,

Barka da komawa gida. Wace irin mai taimako ce ke? Dodo na bayana, ina ta kallon hular, ita kuwa tana ƙasa kin taka ta. Sai na gan ki tsaye kina ihu, jijiyar wuya a miƙe, baki a wangale kamar ƙofar tanda. Nan na waiwaya. Dariyar ban ji ta da kunne ba, ta katakon da nake tsaye a kai na ji ta. Darakta ta ce Gwaggo tawa ce.

Ƙanenki mai godiya,
Cyril

Cyril,

Kai ma ka cika jinkiri, saura kaɗan dodon ya kama ka. Muryata ta dishe. Aiko da tikitin Asabar, kujerar dai.

Yayarka,
Glenys