Bututun da Ka Zaɓar wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Sanusi. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Yaya, a kan ruwan zafin ɗakin Inna nake rubuto maka, domin abin ya hana ni sukuni.

Ka tuna lokacin da ciwon sanyin ƙashi ya fara kama mata yatsu, ka dawo daga kasuwancinka na Kongolam ka ce ba za ta sake alwala da ruwan sanyi ba. Ka sa aka kafa hita mai dumama ruwa can bayan gida kusa da tanki, za a ja bututu har bayinta. Mai aikin famfo ya kawo na rabin inci, ka dube shi a wulaƙance ka ce, "Uwata ba za ta yi wanka da tsinken tsire ba." Ka koma kasuwa ka ɗauko mai inci ɗaya. Haka kake dama, in za ka yi wa Inna abu sai ka cika shi ya tumbatsa.

To ga abin da ya biyo baya. Bututun yana da faɗi, hanyar kuma da nisa, don haka ruwa mai yawa ke kwana a cikinsa ya huce. Da asuba sai wannan ya gama zuba kafin mai zafin ya iso. Kai kuma ka san Inna. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana jan guga a Dutsi ba za ta tsaya tana kallon ruwa yana bin rariya ba. Da na farkon take alwalarta.

Na ajiye mata bokiti ta riƙa tara mai sanyin. Ta tara, ta kuma yi alwala da shi, wai shi ma ai ruwa ne.

Yanzu yatsunta sun kumbura, ko carbi da ƙyar take ja. Raina yana ɓaci, wani lokacin har da kai nake fushi, sai in tuna babu wanda zan yi wa faɗan.

An ce maganin abin a tone a sa siriri. Da na gaya mata, ta ce muddin tana numfashi ba mai taɓa aikin Sanusi. Jiya na leƙa na same ta bayan ta idar da salla, ta dafa bututun inda ya fito daga bango. Ashe sai ta gama komai yake ɗaukar ɗumi, shi take zama jira.

Na yi da mai aikin ya zo ranar Asabar, har yau ban iya gaya mata ba. Ban san wanne zan raba ta da shi ba, Yaya, ciwon yatsun ko bututunka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, ni kuma Ya nuna mini abin da ya fi.

Ƙanwarka,
Hajara, daga Daura