Malam Ya Sayi Ragon Saukata, Ni Kuwa Filin Gudu Nake Zuwa

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Masu sharhi kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, na kusa hamsin, muna zaune a Badarawa. Mijina malami ne, yana karantar da magidanta a masallacin unguwarmu bayan sallar asuba, kuma tun da ya aure ni ko tsawa bai taɓa daka mini ba. Shekarar da ta wuce waccan aka gano ina da ciwon suga. Shi ne ciwon da ya ci mahaifiyata, sai da aka yanke mata ƙafa, ni na yi jinyarta, har yau ban manta warin ɗakin nan ba. Likita ta ce mini, "Hajiya, magani kaɗai ba zai riƙe ki ba. Ki motsa jikin nan kullum har ki yi gumi." Da na faɗa wa Malam sai ya yi dariya ya ce, "Yanzu Maman Abba ke ce za ki hau titi kina sassarfa kamar kurtun soja? Ɗalibaina su fito masallaci su yi kiciɓis da ke? Ki zagaya tsakar gida." Tsakar gidan namu kuwa in aka shanya zanen gado biyu ta cika.

A lokacin na shiga ajin mata ma'aikata a wata Islamiyya a Unguwar Shanu, ana karatu bayan asuba kafin a wuce ofis. Wallahi da zuciya ɗaya na shiga, na yi watanni ina zuwa. A ajin na haɗu da Hajiya Larai, mai fama da hawan jini, ita take rage mini hanya a motarta. Wata safiya ta ce, "Zo ki ga wani abu, yau kaɗai." Ta kai ni filin wata firamare a Kurmin Mashi, sai ga mata sa'o'ina da hijabansu suna zagaye fili da gudu kafin yara su iso. Ranar ko rabin filin ban kai ba na durƙusa, ƙirjina kamar an zuba barkono. Amma da dare na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Daga yau kaɗai aka koma sau ɗaya a mako, daga nan sai na wayi gari ban san inda ajinmu ya kai a karatu ba.

Kullum zan sa dogon wando a ƙarƙashin hijabi, in ɗauki jakar makaranta, in ce, "Malam, na tafi." Ya ce, "Allah ya ba da ilimi mai amfani." In ce amin! Da wane baki nake cewa amin ɗin nan? Kambas ɗina yana but ɗin motar Larai, Alƙur'anina kuma a kujerar baya nake barinsa, har ɗankwali nake rufa masa don ba na iya kallonsa. In mun gama in goge jiki da jiƙaƙƙen tawul, in shafa humra, in wuce ofis.

Abin da ya fi ɗaure ni shi ne gudun ya yi mini rana. Suga ya sauka, likita ta rage mini magani, benen ofishinmu da nake hawa ina hutawa yanzu ba tare da tsayawa ba nake haye shi. Ran da na nuna wa Malam sakamakon gwaji, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce, "Kin ga albarkar Alƙur'ani ko? Ba ga shi ba, ba tsalle ba guje-guje." Na ce, "Haka ne, Malam." Ashe bai tsaya nan ba, ya ba da labarina a wajen karatu, yana kwaɗaitar da magidanta su tura matansu makaranta.

To, rana dubu ta ɓarawo. Makon jiya na dawo aiki na tarar da rago ɗaure a gindin famfo. Wani ɗalibinsa da matarsa take ajinmu ya gaya masa ƙarshen watan nan za su yi sauka. Malam ya tare ni yana fara'a, "Shi ne kika ɓoye mini? To na riga ki." Ya riga ya kira 'yan uwansa mata a Zariya, har sun fitar da anko. Ya kuma ɗauko Alƙur'anin marigayiya mahaifiyarsa, wanda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa, ya ce shi zai miƙa mini a gaban jama'a ranar walima. Na buɗe baki na ce na gode.

Sai na ƙara wani laifin a kan na farko. Na je wajen Malamar ajinmu na roƙe ta ta sa ni a sahun masu sauka, ko a baya ne. Ta ce, "Hajiya, a kan Littafin Allah kike so in yi shaidar zur? Malam ya aiko cewa ranar Asabar zai zo ya yi mana godiya. Ba zan kai ƙararki ba, amma in ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Ki riga ni."

Yau Alhamis. Ba saki nake tsoro ba, na san halin mijina. Fuskarsa nake tsoro, mutumin da ya zauna gaban ɗalibansa ya ba da shaida a kaina. Kuma na san abin da zai biyo baya: zai ce ya yafe, sannan ya ce in yi masa alkawarin na bar filin nan. In na yi alkawarin, ƙafar mahaifiyata nake gani. In na ƙi, na haɗa masa ƙarya da taurin kai. Ga abin da ya fi ba ni kunya: yau da asuba ragon yana kuka a tsakar gida, na raɓa ta gefensa da jakar makaranta, Malam ya yi mini addu'ar da ya saba, na ce amin, na tafi na yi guduna.

Jibi zai je makarantar. Don Allah ku ba ni shawara, me zan yi?