Katantanwar Ƙarƙashin Bado

Litinin, 1 ga Nuwamba 1976
Likitan da ya zo daga Maraɗi ya ɗauki Sa'idu aiki. Sa'idu, da ni na koya mashi riƙon fatsa. Shekara arba'in ina ba mutanen bakin tabki sassaƙen tsagiya, ciwon fitsarin jini, ba wanda ya ce a kira Ɗan Azumi. Don ban shiga lakwal na yi boko ba.

Alhamis, 4 ga Nuwamba
An ba Sa'idu takalmin roba har gwiwa. Da shi ya zo masallaci.

Lahadi, 7 ga Nuwamba
Sa'idu na ta bayani a kasuwa kamar shi ya ƙirƙiro. Wai allura suke son haɗawa, maganin a cikin 'yan ƙwayoyi da ba su kai tsakin gero ba, su riƙa narkewa cikin jiki sannu sannu, su tare tsutsar tsagiya kafin ta zauna. Wai ba ta nuna ba, kan ɓeraye ake gwaji. Tsutsar kuwa daga katantanwa ake samunta. Na ce ɓera ya yi sa'a.

Juma'a, 12 ga Nuwamba
'Yata Kulu ta sake ganin jini a fitsari. Cikinta wata shida. Na jiƙa mata sassaƙe karo na uku. Ta sha, ta ce, "Baba, ya isa haka nan." Ba ta dube ni ba.

Talata, 16 ga Nuwamba
Sa'idu ya kai wa likita katantanwa kwando biyu, manya manya, irin na tudu, a ganinsa babba ita ke da daraja. Likita bai samu tsutsa ko ɗaya ba. An ce in an kai Lahadi haka, zai koma Maraɗi da kayansa. Na yi dariya har na ƙware.
Na san inda ƙananan suke. Ƙarƙashin ganyen bado, mashigar mata masu wanki. Inda Kulu ke tsayawa.

Alhamis, 18 ga Nuwamba
Su tambaye ni mana. Baki gare su.

Asabar, 20 ga Nuwamba
Ƙwarya guda ta ƙananan na kai. Likita ya duba cikin madubinsa, ya ga tsutsar, ya miƙe ya ba ni kujera. Ya ce allurar da saura, amma akwai ƙwayar da za a ba Kulu in ta sauka. Sa'idu ya ce, "Baba, gobe ka nuna mani wurin."
Na ce sai na ga dama.
Takalmin da suka ba ni ya yi mani yawa. Na cusa tsumma.