Kun Ƙirga Mu Lokacin da Ba Mu Gida

Zuwa ga Mai girma Daraktan furoje, wato shirin kai wutar lantarki ƙauyuka, da manyan baƙi na ƙasashen waje da suka ba da taimakon yin aikin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku.

Sunana Hamidu. A ƙauyenmu da ke karkarar Tajaye, Mushe Hamidu ake ce mini, wato Malam Hamidu, domin na koyar a lakwal, makarantar boko, har na yi ritaya. Ranka ya daɗe, ba lalle ka tuna fuskata ba, amma ka ji muryata. Ni ne dattijon da ya tsaya gefenka a ƙofar maigari ranar da ka zo da tawagarka, kana magana da Faransanci ina juya wa jama'a da Hausa. Na rubuto wasiƙar nan a fili ne saboda a fili kuka yi mana alkawari, kuma da bakina aka yi shi.

Na farko, abin da kuka faɗa. Ka ce layin wuta zai ratso ta gonakinmu, za a sauke mana taransifo, duk gidan da yake so za a ja masa waya, har da masallaci da lakwal da ɗakin shan magani. Haka na faɗa wa mutane, ban rage ba. Abu ɗaya na ƙara, kuma shi ne yake cin raina yau. Bayan motocinku sun tashi, dattawa suka kewaye ni suna tambaya ko wannan ma irin na 'yan siyasa ne. Na ce musu a'a, waɗannan da takarda suka zo, na ɗauki maganarsu a wuyana. Suka yarda. Ba ku suka yarda da ku ba, domin ba su san ku ba. Ni ne nake karanta musu takardar likita da ta kotu tun ina saurayi, kuma ba su taɓa kama ni da ƙarya ba.

Na biyu, ƙirga gidaje. Kun aiko samari biyu a kan babur, da gwangwanin fenti da littafi, a tsakiyar rani. Ranka ya daɗe, duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa da an kai gero rumbu, majiya ƙarfi suke ɗaure kaya su tafi cin rani, wasu Ƙonni, wasu su tsallaka iyaka, wasu har bakin teku. Kafin magidanci ya tafi, yakan kai matarsa da 'ya'yansa gidan iyaye, ya dawo ya jawo ƙaya ya toshe ƙofarsa don kada awaki su shiga su cinye danga. Wannan ƙaya ba alamar kango ba ce. Alama ce ta mai gida ya tafi nema, zai dawo da ruwan farko. Yaranku suka riƙa wuce duk ƙofar da suka ga ƙaya, ba su shafa mata fenti ba. Na bi su unguwa-unguwa a cikin rana ina gaya musu wannan gidan wane ne, wancan na wane, ga matarsa can tana daka a gidan surukanta. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini kada in damu, za su gyara a buro, wato ofishinsu. Ban ga laifinsu ba don ba su san al'adarmu ba, baƙi ne aka turo daga birni. Laifinsu shi ne an gaya musu, suka yi kunnen ƙashi.

Na uku, aikin da muka yi muku. Gab da damina injiniyoyinku suka zo suka ja layi a gonaki, suka ce a haƙa ramukan poto, turakun da za a ɗaura wa wayar wuta, a sare duk itacen da zai taɓa waya. Maigari ya sa aka yi shela, muka fito gayya. Ƙasarmu dutse ce, diga tana tsalle a kanta, amma muka haƙa, mata suna kawo fura da ruwa, har ma'aikatanku suka sha tare da mu. Da aka zo kan itatuwa sai kowa ya yi turus, domin ba a sare gawo da wasa. Shi ne yake zubar da ganye da damina gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa ne abincin dabbobinmu. Gonarmu akwai gawo uku da mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya raina tun suna tsiro. Ni na ɗauki gatari na fara da su, don mutane su ga ban ce su yi abin da ba zan yi ba. Ranar na yi hawaye, amma na ce wa kaina haske na tafe.

Na huɗu, ƙanena Ilyasu, autan ɗakinmu. Maƙerin walda ne, ya yi shekaru yana aiki a wani birni a Najeriya, ba ya zuwa gida sai da damina ko salla. 'Ya'yansa sun fi sanin muryarsa a waya fiye da fuskarsa. Da na ga an kafa poto, na kira shi na ce ya dawo gida gaba ɗaya. Na ce masa duk amalanken da ta karye a nan sai an ja ta har Illela kafin a liƙe ta, aiki yana jiransa a ƙofar gidansa. Sau uku yana tambayata ko na tabbata, sau uku ina ce masa na tabbata. Ya sallami ubangidansa, ya bar wa wani rumfarsa, ya sayo injin walda, muka ɗauko shi a amalanke daga bakin titi yara suna bin mu da ihu. Ya kafa sabuwar rumfa daidai ƙarƙashin potonku. Damina biyu ke nan, injin bai taɓa yin tartsatsi ko sau ɗaya ba. Yana nan a lulluɓe da buhu, kaji suna kwana a kansa.

Na biyar, abin da na gano, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. An ɗaura waya, ta bi ta kanmu ta wuce gaba, ba a sauke taransifo ba. Muka ce wata rana za a kawo. Da jira ya yi yawa na hau babur na je buronku na Illela, aka tura ni Ƙonni, a Ƙonni aka ce mai maganar ya tafi taro, in dawo. Na koma har masu gadi suka san ni. A ƙarshe wani ma'aikaci da na taɓa koyarwa ya ji kunyar idona, ya buɗe mini takardar. Na ga sunan ƙauyenmu an ja masa layi, an rubuta a gefe cewa gidajen da ke da mutane ba su kai adadin da ake sauke wa taransifo ba. Na duba ranar da aka sa hannu. Tun kafin mu haƙa rami ko ɗaya ne, tun gawon mahaifina yana tsaye.

Ke nan ranar da ma'aikatanku suke shan furarmu, buronku ya riga ya san hanya kawai ake nema a gonakinmu. Da kun ce mana hanya kuke so, wallahi da mun ba ku, domin ƙauyukan da ke gaba 'yan'uwanmu ne, ba ma baƙin cikin haskensu. Amma kuka bar mu da murnarmu saboda mai murna ya fi saurin haƙa. Ranka ya daɗe, wannan cin amana ne, ban san wani suna da zan ba shi ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne allon da kuka kafa a bakin titi, mai ɗauke da sunayen ƙauyukan da suka amfana. Sunanmu yana ciki, shi ne na uku daga sama.

Yanzu a ƙauye Mushe Taransifo ake ce mini. Abokan wasa suna tambayata ko in taɓa musu waya ta yi caji. Ina dariya tare da su, amma na lura masu takardar likita sun fara wuce ƙofata suna kai wa wani. Ban ga laifinsu ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ku sake ƙirga mu da damina, lokacin da kowa yake gida, ko ku duba littafin maigari, duk magidanci yana ciki. In mun kai adadinku, ku sauke mana taransifo kamar yadda kuka faɗa. In kuma ba za ku yi ba, ku goge sunanmu daga allon nan, sannan ka zo da kanka ƙofar maigari ka gaya wa mutane cewa kun sani tun farko. Ka taho da tafintanka, domin ni ba zan sake ara muku bakina ba. Ku kuma manyan baƙi da kuka ba da taimako, mun gode da niyyarku, amma ku zo ku gani da idonku, kada ku tsaya ga abin da aka rubuta muku.

Ku yi sauri, Ranka ya daɗe. An fara yankan gero, Ilyasu kuma ya ce da an kai rumbu zai koma. Jiya na iske shi yana saro ƙaya a bayan gari. Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ban ce ka yi mani ƙarya ba. Amma ƙohwata za ni toshewa, in sunka dawo ƙirga ka hwaɗa musu gidan nan da mai shi."

Allah ya ba ku ikon riƙe amana, ya sa ku gama da aikinku lafiya, ya kare ku daga ɗaukar hakkin talaka.

Wassalam.

Naku,
Mushe Hamidu, tsohon malamin lakwal, karkarar Tajaye.