Inna Ba Ta Tafiya Sai Kaka

Daga Mode baduku, mazaunin Kano, zuwa ga yayarsa Saudatu, Ƙofar Dundaye, birnin Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa da yarda da aminci. Ina gaida Innarmu, ina gaida Kawu Maccido da yaranki duka.

Bayan haka, Yaya, albishirinki. Rahmatu ta sauka lafiya, namiji. Bayan shekarun da muka yi muna roƙo, har mutane suka daina tambaya, Allah Ya ba mu. Na sa masa sunan mahaifinmu, Jibrin. Sai dai Rahmatu ta sha wuya, har yanzu ba ta tsallake ƙofar ɗaki ba, don haka ba halin mu kawo shi gida.

Kin san abin da Inna ta faɗa ran da zan baro Sakkwato, cewa ba ta da sauran buri sai ta ɗora ɗana a cinyarta. Na ji ayarin Madugu Na'Allah zai taso daga wajenku kafin ruwa ya sauka. Ki shigo da Inna cikinsa. Kin sha bin hanyar nan tare da marigayi mijinki, ba wanda zan amince wa sai ke. Ki hanzarta, Yaya. Haza wassalam.

*

Daga Saudatu zuwa ga ƙanenta Mode.

Aminci ya tabbata gare ka da Rahmatu da baƙonmu. Barka, barka! Da na karanta wa Inna takardarka sai ta rangaɗa guɗa da muryar da na ɗauka ta daɗe da ƙarewa, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Allah Shi raya Jibrin.

Amma Inna ba ta bin Na'Allah. Zaman Kano ya mantar da kai bazarar Sakkwato ne? Yanzu haka ƙasa ba ta takuwa in hantsi ya yi, Inna na wuni ƙarƙashin rumfa da jiƙaƙƙen zane a kanta. A wanga hali kake so in shigar da ita dajin Gundumi? Rijiyoyinsa kaɗan ne, kuma a bazara laka ake iskewa. Ayari ba ya tsayawa don mutum guda, sai an kai ga ruwa. Da idona na ga ƙato ya zauna gindin ƙaya ya ce a wuce a bar shi.

Kar ka ce to da damina. Gulaben Zamfara in sun kawo, sai ku zauna bakin gaɓa kuna kallonsu, sama na dukanku, sauro na cinku. Da ɗari kuwa sanyin asuba zai kama mata ƙirji.

Sai kaka. Lokacin nan ruwan sama ya ɗauke amma tabkuna na cike, gulbi ya koma iya gwiwa, dabba na kiwo tana tahiya, kowane ƙauye da sabon gero da nono. Ka yi haƙuri har sannan. Wassalam.

*

Daga Mode zuwa ga Yaya Saudatu.

Bayan gaisuwa. Ayarin Na'Allah ya iso, ko jaki ɗaya bai faɗi ba. Har da wani tsoho mai furfura a cikinsu, na gan shi yana alwala a zango. Na tsaya a ƙofar gari ina duba fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya, ko kin sake shawara. Na komo gida ni kaɗai, Rahmatu ta dube ni.

Yaya, ke kina lissafin tabki da gulbi, ni ina lissafin shekarun Inna. Wa ya ba ki tabbacin za ta kai kaka? In wani abu ya same ta kafin nan, da wane baki za ki yi mini magana? Ban taɓa ɗaga miki murya ba, amma wannan karon kin yi mini tsauri. Ki gaida Inna. Wassalam.

*

Daga Saudatu zuwa ga ƙanenta Mode.

Ina gaishe ka, mai fushi. Na gode wa Allah da Ya kai Na'Allah lafiya, da tsohonsa.

Ba ni ɓoye maka. Da marka ta kankama zazzaɓi ya kwantar da Inna, har ta daina gane ni. Na zauna gabanta da takardarka a hannu, kowace kalma tana suka ta. Ba ni da tabbacin komi, Mode, ban taɓa cewa ina da shi ba. Na dai zaɓi abin da na ga ya fi, na bar wa Allah sauran. Kuma Ya tashe ta. Abu na farko da ta nema kunun tsamiya ne, na biyu ta tambaya ko gero ya fid da kai.

Tun da ta miƙe ba mu zauna ba. Kullum da safe in ruwa ya ɗauke sai in riƙa hannunta mu taka. Da fari bakin ƙofar gida kaɗai take kaiwa. Yanzu har Hubbare muke zuwa, ta yi addu'arta mu komo, ba ta zauna a hanya. Kawu Maccido ya ba mu takarkarinsa mai sanyin hali, na ɗinka mata shimfiɗa mai kauri, tana hawa muna zagaya unguwa, yara na bin mu suna dariya. Jiya mun fita bayan gari mun dubi fadama, ruwan Rima ya soma ja da baya, shinkafa ta sunkuya.

Ga saƙonta, yadda ta faɗe shi: "Ki ce wa Mode shi bar yi miki faɗa. Ni na haife ku duka, na san mai gaggawa, na san mai hankali. Ki ce ina nan tahe, shi gyara mini ɗaki mai ƙofa gabas."

In an soma yankan gero za mu taso. Wassalam.

*

Daga Mode zuwa ga kawunsa, Malam Maccido, birnin Sakkwato.

Allah Ya gafarta Malam. Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan Kawu yana cikin ƙoshin lafiya shi da iyali.

Bayan haka, sun iso. Na tanadi maza biyu da gadon kara don a ɗauko Inna daga zango, sai ga ta bisa takarkarinka tana yi wa mai jansa faɗa wai yana jan ƙafa. Da kanta ta sauka. Kawu, Inna ta fi yadda na bar ta kumari. Ta shiga gida ba ta nemi ruwa ba, ta ce, "Ina mai sunan Malam?" wato mahaifinmu. Aka miƙa mata shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kunnuwan nan nasa ne." Duk wanda ke tsakar gidan sai da ya share ido.

Tun daga ranar nake jin labarin hanya, daga bakin Inna da na fataken da suka zo tare. Sun ce ba su taɓa ratsa Gundumi da daɗi haka ba. Yaya ta san kowane tabki da sunansa, ta san wanda ke daɗewa da wanda ke saurin ƙafewa. Wata rana madugunsu ya so a tashi da wuri, ta dubi gabas ta ce a dakata, akwai sauran ruwa guda na bankwana. Ya yi dariya ya ce, "Saudatu, damina ai ta wuce." Ta ce, "Ta wuce, amma ba ta yi sallama ba." Don girman marigayi mijinta ya dakata. Kafin azahar aka tafka ruwa da iska, suna cikin bukkoki a bushe. Daga nan kullum sai ya aiko a tambaye ta kafin a ɗaura kaya.

Inna ta ce ko'ina suka sauka ana gasa tumu, matan Fulani na kawo kindirmo, har ta ƙoshi ta ba wasu. In rana ta take, Yaya ta kafa mata zane a inuwa ta matsa mata ƙafafu. A bakin gulbi kuwa ba ta yarda da takarkari ba, goya ta ta yi, ta haye da ita.

Na so Yaya ta yi wata guda a nan. Ta ƙi. Ta ce tabkuna ba za su jira ta ba, ga yara ta bari. Kwana kaɗan ta yi ta bi ayarin da ke komawa. Na raka ta har bayan ganuwa ina neman kalmar da zan faɗa mata, ta ce, "Koma, ga shi ka baro Inna ita kaɗai." Kawu, a gidanmu ba a haifi kamar Saudatu ba. In ta iso ka faɗa mata, ni bakina ya kasa. Haza wassalam.

*

Daga Saudatu zuwa ga ƙanenta Mode.

Gaisuwa gare ku duka. Na iso lafiya. Tabkin ƙarshe sai da muka tace ruwansa da gefen zane, da na ƙara kwana biyu wurinka da mun sha wuya. Kawu ya karanta mini abin da ka rubuta, na ce masa ka cika surutu.

Na san kana shirin tambayata yaushe zan zo in ɗauke ta. Ba ni zuwa, Mode. Tahiya guda ta rage wa Inna a jiki, ni da ita duk mun san haka tun ranar guɗa, shi ya sa ban yarda in ɓata ta a bazara ba. Mun yi bankwananmu a hanya, a gindin wata tsamiya, mun gafarta wa juna. Yau na share ɗakinta na ja ƙofa.

Yanzu taka ce. Sanyi na tahe, kuma ba ta faɗi in tana jinsa. Ka riƙa taɓa ƙafafunta. Wassalam.