Numfashin Ladan

Kaikai, Kusada
12 ga Maris, 2023

Zuwa ga aminina Sodangi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. Ya ɗinki, ya zafin Kankia? Mu ma nan ya fara dukanmu.

Ka yi haƙuri da takarda. Magana a waya tana tayar min da tari, ga shi sabis ɗin Kaikai sai an hau tudu. Yau wata guda ke nan da na fara shan maganin tarin fuka, saura biyar. Yaya Rahamatu ta ware min ɗaki a gidanta, tana kula da ni kamar mai jego. Matata Basira da yara na bar su Kankia saboda makaranta. An gwada su duka, lafiyarsu ƙalau.

Malama Kamila, ma'aikaciyar jinyar da ke ba ni magani a Kusada, ta hana ni yawan kwanciya. Ta ce magani ne ke kashe cutar, amma huhu sai an sa shi aiki yake dawowa. Kullum da safe in fita in taka, in ja iska ta hanci, in sake ta a hankali ta baki kamar mai hura kunu. Ranar farko, daga ƙofar gida zuwa gindin tsamiya sau uku na tsaya ina dafe da katanga. Ni da nake tuƙa keke zuwa gona, in dawo in kira la'asar ko haki ban yi ba. Ta ce keken nan ma ya yi min rana, da ban saba motsa jiki ba da ciwon ya kayar da ni fiye da haka.

Ga abin da ko Basira ban faɗa wa ba. Hoton ƙirji ya nuna tabo a huhuna na hagu, likita ya ce mai yiwuwa ba zai ɓace ba. Tun da na ji haka tsoro ya shige ni. Shekara goma sha tara ina kiran salla a masallacin unguwarmu, in aka raba ni da shi ban san me ya rage min ba. Kai kaɗai na faɗa wa, don tun muna makarantar allo ba ni da abin ɓoye maka. Ka bar shi a cikinka.

Na gode da riƙe min kiran da kake yi. Ka kula da wayar lasifikar, in aka ja ta tana sakewa. Ka gai da Liman, Allah Ya kai mu azumi lafiya.

Amininka na har abada,
Nasiruddeen


Kaikai
20 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Sodangi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya, an kuma yi salla lafiya.

Wata biyu ina tare direban motar Kankia ina tambayarsa ko ka ba shi amsa. Na yi ta ba ka uzuri da ɗinkin salla. Sai makon jiya da Basira ta zo duba ni, na ga ta rame, na matsa mata har ta faɗa min.

Ashe bayan salla dattawan masallaci sun zauna, tunda an ba da izinin fara Juma'a a masallacinmu, ana son tsayayyen ladan. Liman ya ce a jira ni. Kai kuma ka zaro wasiƙata daga aljihu ka karanta musu maganar tabon. Ba ka tsaya nan ba, ka ƙara da cewa huhun ya mutu, kuma duk wanda ya sa baki inda na sa nawa zai ɗauka. Aka tsayar da kai ladan, aka sayi sabon abin magana, aka ƙone dardumata a bayan masallaci.

Darduma ba ta dame ni ba. Amma ɗiyata Amatullah, wadda kai ka raɗa mata suna, yanzu ita kaɗai take zama a bayan aji a Islamiyya. Basira ta je suna aka zuba mata abinci a kwano daban. Alhali tun watan jiya gwajin kakina ya fito babu komai, kuma ita ba ta taɓa ciwon ba.

Da ka ce min kana so, Sodangi, wallahi da na bar maka. Na san muryarka ta fi tawa zaƙi, na sha faɗa a gabanka. Me ya kai ka ga takardar?

Kwana uku na yi ban fita ba, na juya wa ƙofa baya. Rana ta huɗu Yaya Rahamatu ta ajiye min takalmi a bakin ɗaki, ta ce ba za ta yi jinyar mai binne kansa da rai ba. Na fita ne don kunyarta. Ina tafe ina haki, ina zaginka a zuci, Allah Ya yafe min. Har na wuce tsamiya, na wuce rijiya, ban lura ba.

Yanzu ina kaiwa mararrabar Bauranya in dawo. Da karatu nake auna numfashina. Da, gajeriyar aya ma sai na yanke ta biyu. Jiya na haɗa ayoyi uku a shaƙa ɗaya. Ban rubuta maka wannan don ka taya ni murna ba. Na rubuta ne don in za ka sake karanta wa mutane, ka haɗa da shi.

Ka gai da Inna, ita ba ruwanta.

Nasiruddeen


Kaikai
3 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Malam Sodangi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali, ya ruwa? Nan gero ya yi kyau, an fara girbi.

Na gama magani. Ranar da zan karɓi sakamakon ƙarshe, a ƙafa na je Kusada, a ƙafa na dawo. Malama Kamila ta ce na warke, tabon yana nan, amma in ban daina tafiyar ba, ba zai hana ni komai ba. Duk daminar nan ina taya mijin Yaya noma, kunya biyu in huta, daga baya biyar, daga baya na daina ƙirgawa.

Makon shekaranjiya ladanin Kaikai ya tafi Yashe ta'aziyya, azahar ta yi babu mai kira. Masallacinsu ba lasifika. Na tsaya a ƙofa, na toshe kunnuwa na ɗaga murya. Na ja kowace kalma har ƙarshenta. Wani dattijo ya zo da fartanya a kafaɗa ya ce daga gonarsa ta bayan rafi ya jiyo ni. Bayan sallama na daɗe ban ɗago kai ba.

Labari ya kai Kankia, Liman ya zo da kansa ranar Alhamis ya ba ni haƙuri. Ya ce za su sauke ka. Na roƙe shi kada a yi, abin kunya ne a ji ana rigima a kan kiran salla. Abin da na nema ɗaya ne, a sanar ranar Juma'a cewa na warke, kuma iyalina ba su taɓa ciwon ba, don Amatullah ta koma cikin ƙawayenta. Ya amince. Ya raba mana kiran, ni asuba da magariba, kai sauran da Juma'a.

Ya miƙa min 'yar takardarka, layi biyu, ka ce sharrin shaiɗan ne. Na karanta. Na yafe maka, don ni ma ina son Allah Ya yafe min.

Ranar Asabar zan dawo. Za mu riƙa haɗuwa sau biyar a rana, wata rana ma kafaɗata ta gogi taka a sahu. Zan gaishe ka, in tambayi Inna. In ka yi kira zan amsa, don kiran ba naka ba ne, ba kuma nawa ba. Amma in wata rana ka ga na yi shiru, ko ka ga na rame, kada ka tambaye ni abin da ke damuna.

Wassalam,
Nasiruddeen Babba